Lada ko Tukwici? Harajin da Ke Bin Lambar Zinare

A watan Satumban 2016, wata guda bayan an tashi daga gasar Olamfik ta birnin Riyo, majalisar wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'a a kan wani ƙuduri. Mutum 415 suka amince, mutum ɗaya tak ya ce bai yarda ba. Duk wanda ya san irin zaman doya da manjan da jam'iyyun ƙasar biyu suke yi, ya san ba ƙaramin abu ne zai haɗa kansu haka ba, balle a shekarar zaɓe. Abin da ya haɗa su shi ne a daina karɓar haraji daga kuɗin da ake ba 'yan wasan da suka ciyo wa ƙasar lambar yabo, da kuma darajar ita kanta lambar. A watan Oktoba Shugaba Obama ya sa hannu, ƙuduri ya zama doka. Wanda ya fita zakka ɗin nan sunansa Jim Himes, ɗan majalisa daga jihar Konetikat.

Ranar da na fara cin karo da labarin, abin da ya zo mini a rai shi ne, ashe ko'ina ba a rasa ɗan baƙin ciki. Yarinya ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tashi kafin asuba tana faɗawa ruwan sanyi, ta je ta doke duniya, an ɗaga tutar ƙasarta saboda ita, sannan ta dawo gida ta tarar mai karɓar haraji ya riga 'yan taya murna isowa. Wane irin mutum ne zai ce a ci gaba da haka? Shekaru suka shuɗe ina rubuta wa kamfanoni manhajar lissafin albashi, aikin da ya sa kullum nake kallon abin da ake yanka daga gumin mutane, suna bayan suna. A hankali na tsinci kaina ina matsawa gefen mutumin nan guda. Ban koma gaba ɗaya ba. Akwai inda har gobe nake tare da sauran, kuma zan zo kansa.

Ya kamata a fara sanin inda kuɗin suke fitowa. Kwamitin Olamfik na duniya ba ya ba kowa ko sisi a kan lamba, lambar kawai yake rataya wa mutum. Kowace ƙasa ita ke yanke abin da za ta ba nata. Birtaniya ba ta biyan komai a kan lamba, ta gwammace ta kashe kuɗin wajen horar da 'yan wasa tun kafin gasa. Singafo ta ba Joseph Schooling dalarta miliyan ɗaya da ya ci zinare a ninƙaya a 2016. Kwamitin Amurka kuwa, a gasar Riyo, dala 25,000 yake bayarwa a kan zinare, 15,000 a kan azurfa, 10,000 a kan tagulla, daga baya ya ƙara zuwa 37,500 da 22,500 da 15,000. Ita kuma dokar harajin Amurka ba ta da wani bambanci: duk abin da ya shigo hannunka kuɗin shiga ne, ko albashi ne, ko kyautar gasar talabijin, ko mota aka ba ka. A lokacin matakin haraji mafi tsada kashi 39.6 cikin ɗari ne, sai jaridu suka yi ta bugawa cewa kowane zinare zai jawo wa mai shi bashin dala 9,900. Michael Phelps, da ya kwaso zinare biyar da azurfa ɗaya, kuɗinsa sun kama dala 140,000, harajinsu ya haura 55,000. Aka laƙaba wa abin suna "harajin nasara". Da wannan suna kaɗai an riga an ci rabin muhawarar.

Abin da ke sa zuciya ta ƙi wannan haraji, a ganina, shi ne muna ɗaukar kuɗin a matsayin goron albishir. Ɗan wasa ya kawo wa ƙasa labari mai daɗi, ƙasa ta ji daɗi ta miƙa masa goro. To wane mai mutunci ne zai ba ka goron albishir sannan ya ce ka ɓantaro masa ɓari guda? Hausa ta raba waɗannan abubuwa sarai. Akwai lada, abin da wanzami da ɗan dako da magini suke karɓa bayan aiki. Akwai kyauta da tukwici, waɗanda ba a cinikinsu, ba a bin su bashi, mai bayarwa ne ke yanke ko nawa ne, in ya ga dama ma ya hana. Duk muhawarar, in ka tace ta, a nan take tsayawa: abin da aka ba gwarzo lada ne ko tukwici?

Ni dai na juya shi ta kowace fuska, lada nake gani. An faɗi farashin tun kafin a busa usur. Kowa ya san zinare kaza ne, azurfa kaza ce, a rubuce yake, kuma wanda ya ci aka hana shi yana da bakin cewa an danne masa haƙƙi. Tukwici ba haka yake ba. Sannan wasan nan sana'a ce. An yi zamanin da ake riya cewa ba sana'a ba ce, zamanin da aka ƙwace zinare biyu da Jim Thorpe ya ci a 1912 don an gano ya taɓa karɓar 'yan kuɗi kaɗan a wasan besbol, ba a mayar da su ba sai kusan shekara talatin bayan mutuwarsa. Wannan zamani ya wuce, kuma gara da ya wuce, domin dokar "wasa don sha'awa kawai" 'ya'yan masu hali ta yi wa rana, su da ba sa buƙatar a biya su. Yau babban mai tsere yana da koci, da likita, da wakili mai cin kamasho, da kwangilar tallan takalmi. A 2024 hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta fara biyan dala 50,000 a kan kowane zinare da aka ci a fanninta a birnin Faris. 'Yan wasa sun daɗe suna fafutukar a yarda cewa abin da suke yi aiki ne, a biya su. Sun yi gaskiya. Amma ba zai yiwu abu ya zama aiki ranar biya, ya koma sadaukarwa ranar haraji ba.

Akwai ƙasashen da gwamnati ce da kanta take ba da kuɗin. A Filifin doka ta tanadi feso miliyan 10 ga mai zinare, kuma su Hidilyn Diaz ta karɓa a 2021 da ta ciyo wa ƙasar zinarenta na farko a ɗaga ƙarfe. A irin wannan, in aka ce a yanki haraji, bayarwa da dama ne a karɓe da hagu, gara gwamnati ta faɗi adadin da take nufi kawai. Amurka daban ce. Hannun da ya bayar na kwamiti ne mai zaman kansa, hannun da ke karɓa na baitulmali ne, kamar dai yadda yake tsakanin kowane ma'aikaci da kamfaninsa.

In kuwa lada ne, sai a tambaya me ya sa wannan ladan kaɗai za a tsame. Nas ɗin da ke kwana a tsaye a ɗakin haihuwa ana yankar harajinta kafin albashi ya iso hannunta. Haka ɗan kwana-kwanan da ke shiga gidan da kowa ke gudu daga cikinsa. Haka malamin firamare. Wani zai ce ai su ba su kai matsayin gwani na duniya ba. To ga gwanayen duniya: tun daga garambawul ɗin harajin 1986, Ba'amurken da ya ci kyautar Nobel sai ya biya haraji a kanta, sai fa in ya sa an miƙa kuɗin kai tsaye ga wata gidauniyar taimako bai taɓa su ba. Wato wanda ya gano hanyar maganin cutar da ke kashe yara zai biya, wanda ya fi kowa saurin ninƙayar mita ɗari ba zai biya ba. Hujjar Himes ke nan a taƙaice: in an buɗe wannan ƙofa saboda ana jin daɗin 'yan wasa, wa zai faɗi inda za a rufe ta?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce ɗan wasa ƙasa ya wakilta, ba kansa ba. Ban raina wannan ba. Na san abin da nake ji a ƙirjina in aka busa taken ƙasata a wani fili mai nisa, kuma ban yarda da masu cewa wannan shirme ne ba. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba sukan rungumi juna a gidan kallo, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai in na tambayi kaina me ya bambanta wannan hidima da ta nas ɗin, abin da nake samu shi ne kyamara. Ɗaya ana kallonta, ɗaya ba a kallonta. Hidimar da ake kallo kuwa ta riga ta samu ladan da ɗayar ba za ta taɓa samu ba: suna, tafi, talla, liyafa a fadar shugaba. Ƙara mata yafiyar haraji kamar zuba wa teku ruwa ne alhali rijiyar unguwa ta ƙafe.

Masu goyon bayan dokar sun ce ba don su Phelps aka yi ta ba, don ƙananan 'yan wasa aka yi, waɗanda ke aiki a shaguna da rana su yi atisaye da dare. Shi ya sa ma aka sa iyaka: wanda kuɗin shigarsa na shekara ya haura dala miliyan ɗaya ba ya cikinta. Niyyar tana da kyau. Amma a zo a yi lissafi, tunda shi ne sana'ata. Wancan dala 9,900 da aka yi ta yayatawa, a lokacin sai wanda ke samun sama da dala dubu 400 a shekara ne zai biya shi. Ɗan wasan da ke fama da kuɗin haya yana can matakin ƙasa na haraji, kuma dama doka ta ba shi damar cire abin da ya kashe a kan koci da tafiye-tafiye da kayan wasa kafin a lissafa. Abin da zai biya kaɗan ne. Saboda haka yafiyar tana ƙara tsoka ne gwargwadon ƙarfin aljihun mutum: mai samun dubu ɗari tara ya fi mai samun dubu ashirin cin moriyarta nesa ba kusa ba, alhali lamba iri ɗaya suka rataya.

Kuma duk wannan ga wanda ya ci lamba ne. Amurka ta kai 'yan wasa sama da 550 Riyo, fiye da rabinsu sun dawo hannu rabbana. Sun yi asubancin da masu lamba suka yi, sun ci bashin da suka ci, sun ji raunin da suka ji. Dokar ba ta san da zamansu ba. A tseren mita ɗari na maza a Faris, Fred Kerley na Amurka ya ci tagulla da daƙiƙa 9.81, Akani Simbine na Afirka ta Kudu ya zo na huɗu da 9.82. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tazara tsawo sau da yawa. A fagen wasa wannan daidai ne, don haka aka je, dole wani ya riga wani. Amma in dalilin tausasa wa ɗan wasa shi ne wahalar da ya sha, ba na jin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne ma'aunin wahala.

Bari in faɗi abin da ya juya mini tunani. Wani kamfani da na taɓa yi wa aiki yana da al'adar zaɓen gwarzon ma'aikaci duk ƙarshen shekara, a ba shi kuɗi. Wata rana shugaban ya kira ni ya ce bai ji daɗi ba, an sanar da adadi a gaban jama'a amma abin da ya shiga asusun mutumin bai kai ba, saboda manhajata ta yanki haraji. Ya ce in gyara, kamfani zai ɗauki nauyin harajin wannan kyautar. Aikin bai kai na minti goma ba. Layi ɗaya na ƙara: in kuɗin na gwarzo ne, a bi da su ta wata hanya. Bayan wata biyu aka ce a yi wa kyautar daɗewa a aiki haka nan, ai su ma gwaraza ne. Sai ta manajojin da suka cika alƙawarin ciniki. Sai alawus ɗin daraktoci, wanda aka sauya wa suna ya koma kyautar yabo. Kafin shekara ta zagayo layin nan ɗaya ya haifi goma sha ɗaya, kuma da na jera sunayen masu cin moriyarsu, babu direba ko mai gadi ko mai shara a ciki. Su kaɗai suka rage a ƙarƙashin ƙa'idar asali. Ba wanda ya zauna ya shirya haka. Kowace togaciya, ranar da aka kawo ta, tana da hujja mai daɗin ji, kuma kowacce ta dogara da wadda ta gabace ta.

Duk mai rubuta manhaja ya san wannan ciwo, kuma dokar haraji ma manhaja ce, mutane ne kawai take gudana a kansu. Ciwon ba sabo ba ne. Tsofaffin Girkawa na birnin Atina sun riƙa ciyar da zakaran Olamfik kyauta har ƙarshen ransa. A daular Rum an sauke wa zakarun wasanni nauyin hidimomin gari da ke kan sauran masu hali, har ta kai Sarki Diocletian ya ƙayyade cewa sai wanda ya ci kambi aƙalla uku a manyan gasa, kuma ba ta hanyar sayen abokan karawa ba. Ba a sa irin wannan sharaɗi sai an ga abin da ya sa. Ko a kusa da mu, sarakunan Borno sun riƙa ba wasu gidajen malamai takardar mahram, wadda ke ɗauke musu haraji su da zuriyarsu. Girmama mutum ta hanyar tsame shi daga nauyin jama'a tsohuwar ɗabi'a ce ta masu mulki, kuma tana da sauƙi a gare su, domin ba a ganin ta a kasafin kuɗi. Kashe kuɗi ne ta bayan gida. Ɗan majalisa zai ɗauki hoto da mai zinare ba tare da ya ware ko dala ɗaya don gina wurin atisaye ba.

Wanda ke son ganin wa yafiya take bi a zahiri, ya dubi Birtaniya. Can hukumar haraji ba ta tsayawa a kan kuɗin gasar da baƙon ɗan wasa ya ci a ƙasar, har da wani kaso na kuɗin tallan da yake samu a duniya take lissafawa. Andre Agassi ya kai ƙara a kan haka ya sha kaye a kotun ƙoli ta lokacin a 2006. Usain Bolt bai je kotu ba, ya daina zuwa ne kawai. Daga 2010 ya ƙaurace wa tseren Landan. Aka yafe harajin don gasar Olamfik ta 2012, aka sake yafewa don gasar tunawa da ita a 2013, ya zo ya yi gudu. Ban ga laifin Bolt ba, kuma tsarin na Birtaniya yana da abin suka, tunda mutum zai iya biyan fiye da abin da ya samu a gasar. Amma a lura da wanda doka ta rusuna wa. Ba wanda ya fi buƙata ba ne. Wanda in bai zo ba kujerun fili za su zauna wayam ne.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, darasin da ke cikin sunan ne. In aka ce harajin nasara, ana nufin haraji horo ne, abin da ake ɗora wa wanda bai yi abin kirki ba, don haka wanda ya burge mu sai a sassauta masa. Na san wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun ga yadda ake tsare mutum a rana a kan haraji, sun ga jangali, shi ya sa har yau ake tuna Abubakar Rimi da soke su a Kano bayan hawansa a 1979. Mutumin da bai taɓa ganin abin da harajinsa ya gina ba yana da dalilin ɗaukarsa a matsayin ƙwace. Amma in haraji ƙwace ne, a daina yi wa kowa. In kuwa karo-karo ne na gina abin da kowa ke amfani da shi, har da titin da gwarzo ya bi zuwa atisaye da makarantar da aka fara gano baiwarsa, to cire shi daga ciki ba girmamawa ba ce. Ce masa aka yi ya fi ƙarfin zama ɗaya daga cikinmu. Ce wa sauran kuma aka yi, ku da ba ku burge kowa ba, ku ci gaba da biya.

Yanzu inda nake tare da mutum 415. Ita kanta lambar, ƙarfen da aka rataya a wuya, ban yarda a yi mata kuɗi a karɓi haraji ba. Amurka ta daɗe tana yin haka. An ba ɗan wasan besbol Maury Wills wata ɗamara mai ado da zinare da duwatsu masu daraja a matsayin gwarzon 1962, ya ce ai abin tunawa ne ba dukiya ba, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 1969 sai ya biya. A nan doka ta yi abin da manhaja maras hankali take yi: ta ga lamba ta lissafa. Mutumin ba kuɗi aka ba shi ba. In ba shi da abin biya, sai ya sayar da abin girmamawar don ya biya harajin girmamawar.

Kuma nawa ne darajar lambar? Rabon da a yi ta da zinare zalla tun 1912. Ta Faris nauyinta giram 529, amma zinaren da ke jikinta giram 6 ne kacal, sauran azurfa ce da ɗan guntun ƙarfe giram 18 daga hasumiyar Eiffel. Ta Tokiyo daga tsofaffin wayoyi da tarkacen na'urori aka narko ta. In ƙarfen za a auna, abin bai taka kara ya karya ba. In kuwa abin da take nufi za a auna, ba wanda ya san farashin sai ranar da aka kai ta kasuwa. An sayar da ɗaya daga cikin zinaren Jesse Owens na 1936 a kan kusan dala miliyan ɗaya da rabi a 2013. A 2021 Maria Andrejczyk ta Polan ta sa azurfarta ta jifan mashi a gwanjo don a yi wa wani jariri tiyatar zuciya, kamfanin shaguna na Żabka ya saya a kan kusan dala 125,000, sannan ya ce ta riƙe abinta. Wane jami'in haraji ne zai iya sa wa wannan azurfa farashi ranar da aka rataya ta? Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da raba zinaren da mace take ado da shi da wanda aka ajiye don kasuwa, a batun zakka. Irin wannan rabo nake nufi. Muddin lambar tana bango ko cikin akwati, a ƙyale ta. Ranar da ta koma kuɗi, ta shiga layin kuɗi.

Akwai kuma wani zalunci na gaske da ake yi wa 'yan wasa, wanda dokar 2016 ta wuce ta gefensa. Haraji shekara-shekara ake lissafa shi, kuma gwargwadon yawan abin da ka samu a shekarar, gwargwadon tsadar matakin da za ka hau. Wannan ya dace da mai albashi. Ɗan wasa kuwa yakan yi shekara huɗu, ko takwas, ba ya samun abin kirki, sannan komai ya zubo a wata guda. Sai a ɗauke shi kamar attajirin da ke samun haka kullum, alhali girbin shekaru ne, kuma wataƙila ba zai sake ganin irinsa ba kafin gwiwa ta gaza. Maganin wannan sananne ne: a baje kuɗin a kan shekarun da aka yi ana nomansu. Ostireliya tana yin haka ga 'yan wasa da marubuta da mawaƙa da masu ƙirƙira. Amurka ta taɓa yi wa kowa, ta soke a 1986, daga baya ta dawo da shi ga manoma da masunta kaɗai. Wannan gyara ba ya tambayar ko ka burge mu. Tambayarsa ita ce yaya kuɗinka suke zuwa, kuma zai amfani wadda ta zo ta huɗu kamar yadda zai amfani marubucin da ya shekara goma a kan littafi ɗaya. Sai dai ba shi da daɗin sanarwa a gaban kyamara, ba kuma na jin zai samu ƙuri'a 415.

Hujja ɗaya ce ta rage da ban iya kawar da ita ba. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta ɗaukar nauyin tawagarta ta Olamfik, kwamitin da tallace-tallace da gudummawa yake rayuwa. To wanda bai yi shuka ba, bai yi noma ba, da wane ido zai zo ranar girbi? Zan iya cewa ai bai yi wa mai shago shuka ba shi ma, kuma yana karɓa. A takarda amsar ta zauna. Amma sai in tuna Jesse Owens ɗin da aka sayar da lambarsa kusan dala miliyan ɗaya da rabi bayan ba ya duniya. Ya ci zinare huɗu a Balin a gaban Hitler, ya dawo ƙasar da shugabanta Roosevelt bai ko aika masa saƙon taya murna ba. Ya yi tsere da dawakai don ya ci abinci. Ya yi aiki a gidan mai. Da ƙasar ta tashi nemansa da gaske a tsakiyar shekarun 1960, a gaban alƙali ta tsayar da shi, a kan haraji. Laifin ya tabbata, doka ba ta yi ƙarya ba. Joe Louis ma ya sadaukar da kuɗin dambensa biyu ga asusun tallafa wa sojoji a 1942, ya ƙare da bashin harajin da ya haura dala miliyan ɗaya, yana gaisawa da baƙi a ƙofar gidan caca a Las Vegas.

Na san abin da ƙa'idata take cewa game da su biyun: sun samu kuɗi, ana bin su, kamar kowa. Na kuma san abin da suka rasa ba yafiyar haraji ba ne, ƙasar da za ta ɗauke su 'ya'yanta ne tun kafin su ci lamba da bayan sun tsufa. Duk da haka, da ni aka ba takardar sammacin Owens aka ce in kai masa gida, ina jin da na daɗe a tsaye a bakin ƙofa kafin in yi sallama.